Zauren Kwamfuta: Windows 11 ta kai yadda ake zuzuta ta kuwa?

 

Wasiƙa ce ta zaɓa mana batun wannan mako. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyar a wata sakandaren 'yan mata da ke Zariya ta rubuto mana cewa mahaifinta ya yi mata alkawarin laftof idan ta yi ƙoƙari a jarrabawar zango na biyu, kuma Allah ya ba ta sa'a. Sun je kasuwa ita da yayanta, mai shago ya fito musu da guda biyu, duka na hannu. Ɗaya tana ɗauke da Windows 10, ɗayar kuma Windows 11, ya ce ta biyun sai an ƙara kuɗi saboda ita ake yayi. Yayan ya ce daɗin bakin 'yan kasuwa ne kawai, a ɗauki mai arahar. Ita kuma ƙawayenta sun riga sun cika mata kunne cewa duk wanda bai hau Windows 11 ba an bar shi a tasha. Haka suka koma gida hannu rabbana. Ta rufe wasiƙarta da cewa: "Don Allah ku gaya mini gaskiya, kada in sa Baba ya yi asarar kuɗinsa."

Mun gode da wannan tambaya, ƙanwarmu. Mun san ba ke kaɗai take damu ba, shi ya sa muka ba ta filin nan gaba ɗaya.

Mece ce babbar manhaja?

Ku ɗauki kwamfuta tamkar makarantarku. Azuzuwa da kujeru da allo su ne ƙarafunan kwamfutar. Ɗalibai su ne ƙananan manhajojin da kuke aiki da su, irin su Word da Excel da Chrome. To, wa yake tsara jadawali, ya ce wannan aji ya shiga ɗakin gwaje-gwaje yanzu, wancan ya jira, ya kuma sa maigadi ya hana baƙon ido shigowa? Hukumar makaranta. Aikin babbar manhaja ke nan. Ita ke raba wa kowace manhaja wurin zama da lokacin aiki, ita ke fahimtar abin da kuka danna, ita ke nuna muku shi a fuskar kwamfuta.

Windows ta kamfanin Microsoft ce, da ke Amurka. Akwai macOS ta kamfanin Apple, akwai Linux, sannan wayoyin da ke hannun yayyenku yawanci Android ce ke tafiyar da su. A ɗakunan kwamfuta na makarantunmu da shagunan buga takardu, Windows aka fi sani.

An saba jin wannan ganga

Kafin mu auna Windows 11, yana da kyau ku san cewa kamfanin ya daɗe da iya talla. Ranar 24 ga Agusta, 1995, da aka fito da Windows 95, mutane a Amurka sun yi layi a ƙofar kantuna da tsakar dare don su saya. Wancan karon an dace, domin ita ce ta kawo maɓallin Start da har yau muke dannawa.

A Janairun 2007 aka saki Windows Vista da kiɗa da rawa. Da jama'a suka ɗora ta sai ta yi wa kwamfutoci da yawa nauyi, wasu firintoci suka ƙi aiki da ita. Har kotu aka kai kamfanin a Amurka kan wata takardar shaida da aka manna wa kwamfutoci cewa za su iya ɗaukar Vista, alhali ƙaramin samfurinta kawai suke iya ɗauka. Mutane da yawa suka yi zamansu a kan Windows XP har Windows 7 ta zo a 2009. A 2012 kuma Windows 8 ta cire maɓallin Start ɗungurungum. Ƙorafi ya yi yawa, shekara guda bayan nan aka dawo da shi.

Gab da fitowar Windows 10 a Yulin 2015, wani ma'aikacin kamfanin ya faɗa a wajen taro cewa ita ce Windows ta ƙarshe, daga ita sai gyare-gyare. Shekara shida bayan haka, ranar 24 ga Yuni, 2021, sai ga sanarwar Windows 11, aka kuma sake ta ranar 5 ga Oktoba na shekarar. Abin lura a nan shi ne, ranar ƙaddamarwa ba a gane gwanin doki. Sai an hau shi an yi tafiya.

Abubuwan da suka burge mu

Mu fara da yabo, don ta cancanci wani kaso. Windows 11 tana da kyan gani. An dawo da maɓallin Start tsakiyar layin ƙasa, an lanƙwasa kusurwoyin tagogi, an kuma tsara sashen saiti yadda neman abu ya yi sauƙi.

Abin da muka ga ya fi amfani ga ɗalibi shi ne raba fuska. Idan kuka danna maɓallin Windows tare da Z, za ta nuna muku hanyoyin raba fuskar gida biyu, uku ko huɗu. Littafin Biology a hagu, wurin rubuta amsa a dama, ba sai kuna ta rufe wannan kuna buɗe wancan ba. Windows 10 ma tana raba fuska, sai dai a nan an fito da abin fili, ko sabon shiga zai gane.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da aka riƙa ƙarawa daga baya. Notepad yanzu tana riƙe abin da kuka rubuta ko da ba ku adana ba, wanda duk mai zama inda ake yawan ɗauke wuta ya san darajarsa. Snipping Tool tana ɗaukar bidiyon abin da ke gudana a fuska, tana kuma iya ciro rubutu daga cikin hoto. Akwai tsarin da ke rubuta maganar da ake yi a bidiyo a ƙasan fuska nan take, wanda zai taimaki mai sauraron darasin Turanci da lafazin da bai saba ji ba. A manhajar agogo kuma akwai wurin ƙayyade lokacin karatu, ta danne saƙonnin da ke katse hankali har lokacin ya cika.

Ta fuskar tsaro ma an yi aiki, za mu zo kansa.

Alkawuran da suka bi ruwa

Babban abin da aka fi tafa wa ranar sanarwa shi ne cewa manhajojin Android za su yi aiki a kan Windows 11. Matasa da yawa saboda wannan kaɗai suka ƙagu. Ranar da aka saki manhajar babu shi a ciki. Ya zo daga baya ta hanyar kantin manhajoji na Amazon, a wasu ƙasashe ƙalilan, da manhajoji kaɗan. A watan Maris na 2024 kamfanin ya sanar cewa zai daina, kuma ya rufe tsarin ranar 5 ga Maris, 2025. Kyan alkawari cikawa, amma wannan bai kai ko'ina ba.

Wasu abubuwan ma baya aka koma. A Windows 10 kuna iya mayar da layin ƙasa gefe ko sama. Da Windows 11 ta fito ta hana. Jan fayil a ajiye shi kan manhajar da ke layin ƙasa, abin da aka saba shekara da shekaru, sai da aka yi kusan shekara kafin a dawo da shi, a ƙarshen 2022. Idan kuka danna ɓangaren dama na linzami, an ɓoye wasu zaɓuɓɓuka sai kun sake dannawa kafin su bayyana.

Sai batun intanet. Wajen kunna sabuwar kwamfuta karon farko, Windows 11 tana neman a haɗa ta da intanet a kuma shiga da asusun Microsoft. Ga wanda yake da waya-fai a gida wannan ba komai ba ne. Ga ɗalibin da yake lallaɓa datar wayar mahaifiyarsa, magana ce. Fayil ɗin girka manhajar kaɗai ya haura gigabait 5.

A baya-bayan nan tallar ta koma kan ƙirƙirarriyar basira. An saka Copilot a 2023, a farkon 2024 har maɓalli na musamman aka ware masa a kan kibod na sababbin kwamfutoci. A watan Mayun 2024 aka sanar da Recall, wani tsari da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta lokaci-lokaci don mutum ya iya nemo abin da ya taɓa gani. Masana tsaro suka yi ca, suka ce idan ɓarawo ya samu wannan taska ya samu komai. Dole kamfanin ya ɗage fitar da shi, ya koma ya sake masa tsari. Ko yanzu sai a kan wasu sababbin kwamfutoci masu tsada da ake kira Copilot+ yake aiki, waɗanda ba su ne ake kawowa kasuwar 'yan hannu ba.

Sauri fa? Idan aka ɗora Windows 10 da Windows 11 a kan kwamfuta iri ɗaya, bambancin da mai buga takarda ko mai kallon darasi zai gani kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke sa kwamfuta gudu yana cikin ƙarfenta: yawan RAM, wato teburin da take baje aikin da take yi yanzu, da irin ma'ajiyarta. Tsohuwar ma'ajiya mai faifan da ke juyawa tana da nawa. Sabuwar da ake kira SSD babu abin da ke motsi a cikinta, kuma takan tayar da kwamfuta cikin daƙiƙoƙi. Canza wannan kaɗai ya fi canza Windows tasiri.

Ƙofar da aka ƙuntata

Ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana son RAM aƙalla gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, waɗannan ba su da wuya. Masu wuyar guda biyu ne.

Na farko shi ne TPM 2.0. Wani ɗan sashe ne a cikin kwamfuta da ke aiki kamar akwatin ƙarfe mai makulli, inda ake ajiye mabuɗan sirri. Idan aka kulle bayananku da shi, ko ɓarawo ya zare ma'ajiyar ya kai ta wata kwamfutar, ba zai iya karanta komai ba. Tare da shi akwai Secure Boot, mai gadin da ke duba duk abin da zai tashi tare da kwamfuta, ya tare wanda ba shi da shaida. Wannan ci gaba ne na gaske.

Na biyu shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In ban da 'yan ƙalilan, sai ta kasance Intel zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Da wannan sharaɗi aka rufe wa miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ƙofa. Ina suke tafiya idan ofisoshin Turai da Amurka suka sallame su? Da yawansu kasuwanninmu suke zuwa, su ne waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Duk wanda ya zaga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ya san yawancin laftof ɗin da ɗalibi zai iya saya na hannu ne.

Masu gyara sun san dabarar tsallake sharuɗɗan, su ɗora Windows 11 a kan kwamfutar da ba ta cancanta ba. Za ta tashi, za ta yi aiki, fuskarta ta yi kyau. Sai dai kamfanin ya faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin ci gaba da samun sabuntawa. Don haka ganin Windows 11 a fuskar laftof bai isa shaida cewa sabuwar zubi ce ba. Mai yiwuwa tsohuwa ce aka sa wa sabuwar riga.

Ranar da ta sauya lissafi

Da a 2022 aka yi mana wannan tambaya, da mun ce wa ƙanwarmu ta ɗauki mai Windows 10 ta huta. Yanzu lissafin ya sauya, domin ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake aikowa kowane wata. An buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida da suka yi rajista, amma aka sanar cewa iyakarsa 13 ga Oktoba, 2026.

Me ya sa facin yake da muhimmanci? Kowace manhaja tana da ɓarakar da ba a gano ba tukuna. Idan aka gano, kamfani ya toshe. Idan ya daina toshewa, gida ya zama mai katanga a rushe. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. A Birtaniya sai da wasu asibitoci suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, tun watan Maris na shekarar aka fitar da facin da zai hana ta, kwamfutocin da ba a sabunta ba ne suka faɗa. Rigakafi ya fi magani.

Abin da za ku duba kafin a biya kuɗi

Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku roƙi mai shago ya kunna kwamfutar, ku duba waɗannan da idonku:

1. Ku shiga Settings, sai System, sai About. Za ku ga sunan firosesa. Ku kalli lambar da ke bayan ɗan layin. Idan kun ga i5-8250U, lambar farko 8 ce, zubi na 8 ke nan, ta cancanta. Idan i5-6300U ce ko i5-7200U, zubi na 6 da na 7 ne, ba su cikin jerin. Daga zubi na 10 lambobi biyun farko ake karantawa, kamar i5-1035G1. Kada sunan i7 ya ruɗe ku, tsohuwar i7 na iya kasa shiga inda sabuwar i3 ta shiga.

2. A wannan shafin dai ku duba RAM. Gigabait 4 za ta tashi amma da ƙyar za ta yi numfashi idan kuka buɗe shafuka da yawa. Ku nemi 8.

3. Ku tambaya ko ma'ajiyar SSD ce, ku kuma sa a nuna muku.

4. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta tpm.msc. Idan akwai TPM za ta nuna samfurinsa, ku tabbata 2.0 ne.

5. Ku zare caja ku ga yadda batir yake riƙe wuta. A garin da wuta ba ta zama, batir mai kyau ya fi kowace kwalliya.

6. Asusun Microsoft da za a shiga da shi ya zama naku ko na wani babba a gida, kuma ku rubuta kalmar sirrin ku ajiye. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle ma'ajiya da kansu, su ajiye mabuɗin ceto a cikin asusun. Idan asusun na mai shago ne, ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin za ku rasa inda za ku sa kanku.

Ƙarin dabara ga masu lallaɓa data: a saitin intanet akwai wurin da ake gaya wa Windows cewa layin na awo ne, sai ta rage sauke manyan abubuwa ba da saninku ba. Amma ku riƙa samun lokaci kuna barin ta ta sabunta.

Idan tsohuwa ce a gida ko a makaranta fa?

Kada a jefar da ita. Kwamfutar da ba a haɗa ta da intanet, wadda ake koyon buga rubutu da Excel a kanta, za ta iya ci gaba da aiki da Windows 10, in dai ana kula da irin filashin da ake soka mata. Wadda ake shiga intanet da ita kuma, musamman idan ana harkar banki ko rajistar jarrabawa, ita ce abin damuwa.

Akwai mafita ta kyauta. Linux babbar manhaja ce da wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Ku lura, ɗalibi ne. Tana da nau'o'i da yawa, irin su Linux Mint da Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya assasa a 2004. Ba a biyan ko sisi, suna samun facin tsaro, kuma suna tafiya lafiya a kan kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel. Sai dai wasu manhajoji da wasannin da aka yi don Windows ba za su yi aiki kai tsaye ba. Ku tuntuɓi malamin kwamfuta kafin ku taɓa komai, ku kuma kwafe fayilolinku a wani wuri tukuna.

Hukuncinmu

Windows 11 manhaja ce mai kyau, tsaronta ya fi na wadda ta gada, kuma shekarun gyare-gyare sun sa ta nutsu fiye da yadda ta fito. Amma ba ta kai yadda aka kururuta ta ba. Ba ta mayar da tsohuwar kwamfuta sabuwa, ba ta ƙara gudu a zo a gani, kuma abin da aka fi yi wa tafi a ranar farko an riga an binne shi. Dalilin hawanta a yau guda ne mai ƙarfi: ita ce ake ci gaba da yi wa faci.

Ke kuma ƙanwarmu, ki koma shagon da yayanki, ku duba firosesar kowacce. Idan mai Windows 10 ɗin zubi na 8 ce ko sama kuma tana da TPM 2.0, ku ɗauke ta a farashinta mai sauƙi, domin hawa Windows 11 kyauta ne ga duk mai halastacciyar Windows 10. Idan mai Windows 11 ɗin zubi na 6 ko na 7 ce, to ɗora mata aka yi da dabara, kada Baba ya ƙara ko kwabo saboda ita. Idan ita ce kaɗai ta cika sharuɗɗan, ƙarin kuɗin yana da hujja, amma ƙarfen kuke saya, ku yi ciniki a kansa. Kin ga ke nan yayanki yana da gaskiya rabi, ƙawayenki ma rabi.

Abu na ƙarshe gare ku duka. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan da masu zana jarrabawa masu zaman kansu a 2024. A zauren jarrabawa babu mai tambayarku wace Windows kuka iya. Abin da zai cece ku shi ne hannun da ya saba da kibod da linzami, da idon da ya saba karatu a fuskar kwamfuta ba tare da ruɗewa ba. Wannan kuwa ko a kan tsohuwar kwamfutar ɗakin karatunku za ku iya koyonsa. Windows za ta zo ta wuce, kamar yadda XP da Vista da 7 suka wuce, abin da kuka iya yana nan tare da ku.

Aikin mako: idan kun shiga ɗakin kwamfuta, da izinin malami, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta winver. Ku rubuto mana wace Windows ce a makarantarku, da sunan firosesar, ku kuma gaya mana ko ta cancanci Windows 11. Za mu buga amsoshin da suka fi tsari.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.